Ninƙayar gasa bayan shekara 40: Atisayen da ma'aikacin Suleja zai iya yi a tafkin otal

Tun kafin ƙarfe 6:00 na safe tashoshin mota da bakin tituna a Suleja suke cika da mutane cikin kaftani da kwat, kowa da jakarsa a hannu, ana jiran motar Abuja. Daga nan sai Madalla, a wuce gindin Dutsen Zuma, a faɗa cunkoson Zuba, a bi ta Dei-Dei da Kubwa har a isa Sakatariyar Tarayya. Wanda ya taki sa'a ya isa cikin awa guda. Ranar Litinin kuwa, ko ranar da tirela ta lalace a hanya, awa biyu ba abin mamaki ba ne. Da yamma kuma a sake bin sawu. In aka haɗa zaman mota da zaman kujerar ofis daga ƙarfe 8:00 zuwa 4:00, ma'aikacin da ke kwana a Suleja yakan shafe sama da awa 10 a zaune a kowace ranar aiki.

Wannan zama ne yake rikiɗewa ya zama teɓa da ciwon baya da hawan jini, har ranar da likita zai dubi takardar gwaji ya ce a fara motsa jiki. Hukumar Lafiya ta Duniya, a ƙa'idojin da ta fitar a 2020, ta ce baligi yana buƙatar minti 150 zuwa 300 na matsakaicin motsa jiki a kowane mako, ko rabin haka in motsin mai tsanani ne, tare da ƙarfafa tsokoki sau biyu a mako. Wasu sukan sayi takalmin gudu, bayan mako uku gwiwa ta ƙi. Wasu su koma ƙwallon ranar Asabar, Litinin a gan su suna ɗingishi a matakalar ofis. Kaɗan ne suke tuna cewa sun iya ruwa, alhali akwai waɗanda suka koya tun suna yara a Kogin Iku da ke Suleja, ko a rafuka da kududdufan garuruwansu, kafin karatu da aiki su raba su da shi.

Ga irin waɗannan akwai gasar ninƙaya da aka ware wa manya, mai dokokinta da rukunanta na shekaru. Shirinta bai buƙaci mutum ya ajiye aiki ko ya tare kusa da babban filin wasa ba. Abin da ake nema shi ne tafkin da aka san tsawonsa, da agogo mai nuna sakan, da minti 45 sau uku a mako waɗanda aka riga aka tsara yadda za a kashe su.

Gasar da furfura ba ta hana shiga

A watan Mayun 1970 aka yi gasar ƙasa ta farko ta ninƙayar manya a garin Amarillo na Jihar Texas a Amurka. Wani likitan sojan ruwa, Ransom Arthur, shi ya matsa aka yi ta, domin yana ganin atisayen ninƙaya zai kare zukatan mutanen da suka bar wasanni da barin makaranta. Waɗanda suka shiga ba su kai 50 ba. A 1986 aka yi gasar duniya ta farko a Tokyo. A yau hukumar World Aquatics, wadda aka sani da FINA kafin Disamban 2022, ita ke shirya ta, an kuma yi ta a Doha a 2024 da Singapore a 2025.

Ana kiran wannan ɓangare da suna Masters. Daga shekara 25 ake shiga, an kuma kasa masu gasa rukuni-rukuni, shekara biyar-biyar: 25 zuwa 29, 30 zuwa 34, haka har a haura 90. Mataimakin darakta mai shekara 52 da 'yan 50 zuwa 54 zai kara, babu ruwansa da ɗan jami'a. Duk bayan shekara biyar kuma yana shiga sabon rukuni a matsayin ƙaramin cikinsu, shi ya sa a wannan fage akan ga mutum yana ɗokin cika 55 ko 60.

Mieko Nagaoka, wata 'yar Japan, ta fara zuwa tafki ne tana da kimanin shekara 80 domin jinyar gwiwa. A Afrilun 2015, tana da shekara 100, ta kammala mita 1,500 a tafki mai tsawon mita 25 cikin awa ɗaya da kusan minti 16. Shi kuwa James Counsilman, fitaccen kocin Jami'ar Indiana, ya ƙetare mashigin tekun da ke tsakanin Ingila da Faransa a 1979 yana da shekara 58, wato saura shekara biyu ya kai shekarun ritayar ma'aikacin gwamnatin tarayya.

A Najeriya labarin ninƙaya na matasa ne. Abiola Ogunbanwo ta kafa tarihin ƙasa a mita 100 a wasannin Olamfik na Tokyo da aka yi a 2021, inda ta gama cikin sakan 59.74. Abduljabar Adama ya ci lambar azurfa a mita 50 a gasar matasa ta duniya da aka yi a Romaniya a 2025. Manya kuwa kowa tasa ta fisshe shi. Sai dai ma'aikatan tarayya ba baƙin gasa ba ne, domin duk shekara ma'aikatu da hukumomi sukan tura tawagogi wasannin FEPSGA, a ga magatakarda da direba da darakta cikin riga iri ɗaya. Al'adar baligi ya yi atisaye domin ya kara da wani tana nan, ruwa ne ba a cika waiwaya ba.

Iyon rafi daban, na tafki daban

Ƙasar Hausa da ta Nupe ba su taɓa rasa gwanayen ruwa ba. A bikin kamun kifi na Argungu, wanda aka fara a 1934, akwai wasannin kabanci: ninƙaya da nutso da kamun agwagwa da tseren kwalekwale. A Jihar Neja masunta da matuƙa jirage na bakin Kogin Neja da Kogin Kaduna a ruwa suke tashi. Amma mai iyo a rafi kansa a sama yake, domin dole ya riƙa ganin gaɓa da inda ruwa ke ja. Wannan dabara ce ta tsira, kuma ta dace da wurinta. A tafkin gasa ita ce babbar mai jawo mutum baya.

Dalilin a fili yake. Da zarar kai ya ɗaga, ƙugu da ƙafafu sai su nutse, jiki ya zama kamar ƙyauren da ake turawa a karkace. Ruwa ya fi iska kauri kusan sau 800, kuma turjiyar da yake yi wa jiki tana ƙaruwa fiye da yadda gudu ke ƙaruwa: in mutum ya ninka saurinsa sau biyu, turjiyar za ta ninka kusan sau huɗu. Shi ya sa ƙaton da ke ɗaga ƙarfe yakan sare bayan mita 50, siririn dattijo kuma ya wuce shi ba tare da ya tayar da kumfa ba.

Saboda haka watannin farko na gyaran salo ne. Mutum ya koyi sanya fuska cikin ruwa yana duban ƙasan tafki. Ya riƙa fitar da numfashi ta hanci da baki yayin da fuskar ke ciki, ta yadda in ya juya kai gefe shaƙa kawai zai yi. Ya miƙa hannu gaba sosai kafin ya jawo ruwa, jikinsa kuma ya riƙa mirginawa kaɗan daga gefe zuwa gefe. Bugun ƙafa daga ƙugu yake fitowa, gajere, gwiwa ba ta lanƙwashewa da yawa.

Salon gasa huɗu ne: na rub-da-ciki, wanda ya fi kowanne sauri, da na rigingine, da na kwaɗo, da na malam-buɗe-littafi, wanda ya fi cin ƙarfi. Wanda ya dawo ruwa da girma ya fara da na rub-da-ciki, ya riƙa hutar da kafaɗa da na rigingine. Hanya mafi sauƙi ta gane ko salo yana gyaruwa ita ce ƙirga bugun hannu a tsallake ɗaya, wato daga bango zuwa bango. A tafki mai mita 25, mai iyon rafi yakan yi bugu kusan 30. In bayan wata biyu ya koma 22 ba tare da lokacinsa ya ƙaru ba, to ya ci riba, ko da bai ji ya ƙara ƙarfi ba.

Tafkin da ke kusa

Tafkin gasar Olamfik mita 50 ne a tsawo, 25 a faɗi, an raba shi layi-layi mai faɗin mita biyu da rabi, ɗumin ruwansa kuma tsakanin digiri 25 da 28 a ma'aunin Selsiyos. Akwai kuma gasar gajeren tafki mai mita 25. Mai neman tafki mai mita 50 daga Suleja, wanda aka fi sani shi ne na Filin Wasa na Moshood Abiola a Abuja, filin da aka gina domin wasannin Afirka na 2003. Amma tun bayan cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun 2023, ƙarin tafiya uku a mako zuwa wancan gefen birni lissafi ne da albashin mai mataki na 9 ko na 10 ba zai ɗauka da sauƙi ba. Abin da ke hannu shi ne tafkunan otal-otal, a Suleja ko kusa da ofis. An gina su ne domin shaƙatawa: gajeru ne, wasu a lanƙwashe, babu igiyar raba layi, ranar Lahadi kuma yara ne ke mulkinsu.

Labarin Eric Moussambani na Ikwatoriyal Gini ya isa darasi a nan, ta fuska biyu. A ƙaramin tafkin wani otal a Malabo ya yi atisayensa, bai taɓa ganin tafki mai mita 50 ba sai da ya isa Sydney a wasannin Olamfik na 2000. Ya gama mita 100 cikin minti ɗaya da sakan 52.72, fiye da ninkin lokacin zakaru, a mitocin ƙarshe kuma da ƙyar ya kai bango. Duniya ta yi dariya, ta kuma tafa masa. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne cewa bayan 'yan shekaru na horo mai tsari ya sauko da lokacin zuwa ƙasa da sakan 57, a 2012 kuma ya zama kocin ƙasarsa. Tafkin otal ya isa ya kai mutum fage. Rashin tsari da rashin sanin dogon tafki su ne suka kusa kunyata shi.

Matakin farko, saboda haka, shi ne awo. A ari tef ɗin magini a auna tafkin daga bango zuwa bango, kada a dogara da abin da mai karɓar kuɗi a ƙofa ya ce. In mita 25 ne, tsallake huɗu sun ba da mita 100. In 20 ne, biyar. In ya kusa 17, shida. In 12 da rabi ne, takwas. Tafkin da bai kai haka ba, ko wanda ya lanƙwashe har babu miƙaƙƙen layi, na gyaran salo ne kawai.

Gajeren tafki yana da yaudara. Lokacin da mutum ya doki bango ya sulale shi ne lokacin da ya fi sauri a duk ninƙayarsa, don haka yawan bango yana ƙawata lokaci. Wanda ke yin mita 100 cikin minti biyu a tafki mai mita 20 zai tarar da wani labari a mai mita 50, inda babu bangon da zai taimake shi a tsakiya. Maganin shi ne a ware rana ɗaya a wata a je dogon tafki a gwada gaskiyar lamari, bayan an bincika cewa yana buɗe.

Agogo ne kocin marar koci

Kuskuren da ya fi yawa shi ne mutum ya faɗa ruwa ya yi ta tafiya har ya gaji, ya jingina da bango ya yi hira, ya ƙara tsallake biyu ya fita. Wanda ke haka zai shekara bai ƙara sauri ba, domin da zarar gajiya ta shigo salo ke wargajewa, kuma wargajajjen salon ne jiki zai haddace.

'Yan gasa a gutsuttsure suke atisaye. Maimakon mita 800 a jere, sai a yi mita 100 sau takwas, da hutun sakan 20 a tsakani. Hutun ya isa ya riƙe salo da sauri, bai kuma isa ya bar zuciya ta koma kwanciya ba. Daga fagen guje-guje dabarar ta fito, inda kocin Jamus Woldemar Gerschler ya yi suna da ita a shekarun 1930. A ruwa kuwa Counsilman, wanda ya horar da Mark Spitz mai lambobin zinare bakwai a Munich a 1972, yana cikin waɗanda suka kafa ta a kan ilimi, musamman a littafinsa The Science of Swimming na 1968. Babban agogon da ake kafawa a gefen tafki domin 'yan ninƙaya su riƙa karanta lokacinsu da kansu ma ana danganta shi da shi. Mai atisaye a otal agogon hannu na roba da ruwa ba ya shiga ya ishe shi.

Sai tambaya: da wane sauri? Akwai gwajin da ya samo asali daga binciken masanin Japan Kohji Wakayoshi da abokan aikinsa a farkon shekarun 1990. Bayan ɗumama jiki, mutum ya yi mita 400 iya ƙarfinsa, ya rubuta lokacin. Ya huta minti 10, sannan ya yi mita 200 iya ƙarfinsa. A cire lokaci na biyu daga na farko, a raba biyu. A ɗauka ya yi 400 cikin minti 8 da sakan 30, ya yi 200 cikin minti 4 cif. Bambancin sakan 270 ne, rabinsa 135, wato minti 2 da sakan 15 a kowace mita 100. Wannan shi ne saurin da jikinsa zai iya riƙewa na tsawon lokaci ba tare da ya sare ba, kuma a kansa ake gina atisayen juriya. Akan sake gwajin bayan mako shida. Wanda bai kai ga yin mita 400 a jere ba tukuna, ya bar gwajin, ya tsaya kan mita 25 da 50 da isasshen hutu har ya kai.

Mako guda a ruwa

Kowane zama kashi huɗu ne: ɗumama jiki, gyaran salo, jigon aiki, sai hucewa. Ga yadda mai wancan lokaci na minti 2 da sakan 15 zai iya raba makonsa.

Ranar Talata ta juriya ce. Mita 300 a hankali, ana cakuɗa rub-da-ciki da rigingine. Mita 50 sau huɗu ana ƙirga bugu, da hutun sakan 20. Sai jigon: mita 100 sau takwas, kowace cikin minti 2 da sakan 15, ana tashi duk bayan minti 2 da sakan 35. A rufe da mita 200 a natse. Jimla mita 1,500, cikin minti 40 da 'yan kai. Gwanintar tana ga ta takwas ta yi daidai da ta farko. Wanda ya yi ta farko cikin minti biyu cif don nuna bajinta, a ta shida zai biya bashin.

Ranar Alhamis ta salo ce, ta fi sauƙi ga huhu, ta fi wuya ga mai gaggawa. Mita 200 na ɗumi. Mita 50 sau shida na bugun ƙafa kaɗai, hannu riƙe da allon roba. Mita 50 sau shida da hannu ɗaya, ɗayan a miƙe a gaba, ana musanyawa a kowane bango. Mita 100 sau huɗu a hankali, ana ƙoƙarin rage bugu ɗaya daga abin da aka saba. Mita 100 na hucewa. Jimla mita 1,300.

Ranar Asabar da sassafe, kafin yara su zo, ta sauri ce. Mita 400 na ɗumi, domin tsokar da ba ta ɗumama ba ba a tsananta mata. Tsallake ɗaya-ɗaya sau 12 iya gudu, da hutun sakan 45. Mita 200 a hankali. Mita 50 sau huɗu da saurin da ake fatan yi ranar gasa, da hutun minti ɗaya da rabi. Mita 200 na rufewa. A wannan rana dogon hutu wajibi ne, domin wanda ya taƙaita shi ya mayar da aikin sauri na juriya bai sani ba. A nan ne kuma ake koyon juyi a bango da sulalewa da hannaye a haɗe a saman kai. Doka ta yarda ɗan gasa ya yi har mita 15 a ƙarƙashin ruwa bayan tashi da bayan kowane juyi a salon rub-da-ciki da rigingine da malam-buɗe-littafi, amma baligi sabon shiga mita biyar masu kyau sun ishe shi.

Ƙari a hankali ake yin sa. Mako uku ana ɗan ƙara yawa, kamar takwas su zama tara sannan goma, na huɗu a rage kashi ɗaya cikin uku domin jiki ya farfaɗo. In gasa ta matso, kwana 10 zuwa 14 kafin ranar a rage yawan mitoci, a bar saurin yadda yake. Duk abin da aka yi a rubuta shi a ƙaramin littafi: rana, tafki, mitoci, lokaci, da yadda jiki ya ji. Ma'aikacin da ya saba da fayil ba sai an koya masa amfanin wannan ba.

Ga wanda ke tashi daga aiki ƙarfe 4:00, akwai lissafin da ya kamata ya gwada. Lokacin da kowa ke rububin hanyar Kubwa shi ne lokacin da tafkunan otal na cikin birni suka fi zama fayau a ranakun aiki. Awa guda a ruwa kusa da ofis, sannan a kama hanya, ta fi awa guda ana kallon bayan motar wani.

Jikin da ya ga shekaru

Kafin komai, wanda ya haura 40, ko yake da hawan jini ko ciwon suga ko tarihin ciwon zuciya a gidansu, ya ga likita ya gaya masa irin atisayen da yake son yi. Ciwon ƙirji ko jiri ko bugun zuciya marar tsari a cikin ruwa umarni ne na fita nan take.

Kafaɗa ce gaɓar da ninƙaya ta fi ci. Mai yin mita 1,500 yana juya kowace kafaɗa sau ɗaruruwa, kafaɗar da ta wuni a dunƙule a gaban kwamfuta. Ciwon yakan fara ne in hannu yana shiga ruwa da babban yatsa a gaba, ko yana ƙetare tsakiyar jiki. Minti 10 na jan igiyar roba a gida sau biyu a mako, domin ƙarfafa bayan kafaɗa da gadon baya, sun fi magani arha. Faifan da ake ɗaurawa a tafin hannu don ƙara jan ruwa a bar shi sai salo ya zauna. Ranar hutu tsakanin zama da zama kuwa tana cikin horon, domin jikin ɗan shekara 50 ya fi na ɗan 20 jinkirin gyara kansa.

Akwai haɗarin da ya fi kama gwanaye. Wasu kan ja numfashi da sauri sau da yawa sannan su nutse, don su ga nisan da za su yi a ƙarƙashin ruwa. Yin haka yana kashe ƙararrawar da ke gaya wa jiki ya nemi iska, sai mutum ya suma ba tare da gargaɗi ba, a ruwan da bai wuce ƙirjinsa ba. Ba a gasar riƙe numfashi. Ba a kuma atisaye a tafkin da babu kowa a bakinsa, komai gwaninta.

Yanayin Suleja ma yana da nasa sharaɗin. Da damina, jin tsawa na nufin fita daga ruwa, a jira rabin awa bayan ta ƙarshe. Da hunturu ruwan asuba yakan yi sanyin da ke ɗaure numfashi, gara a koma yamma. Da azumi masu yi sukan mayar da zamansu dare bayan buɗa baki, su rage yawa. Tafkin da ba a ganin ƙasansa sarai, ko ruwansa ya fara kore, a haƙura da shi ko an riga an biya. Komawa kogi ko dam domin gudun kuɗin shiga kuwa yana tare da haɗarin tsargiya, cutar fitsarin jini da ake ɗauka a ruwan da dodon koɗi ke zaune.

Abin da mutum ɗaya ba zai iya ba

Duk wannan mutum zai iya yi shi kaɗai, ban da abu guda. Gasar manya ta duniya ba ta karɓar ɗaiɗaiku: sai ta hannun kulob ɗin da ke da rajista da hukumar ninƙaya ta ƙasa, akwai kuma lokutan da ake sa ran ɗan gasa ya cika. Ko a cikin gida, babu mai shirya tsere wa mutum ɗaya.

Kafa kulob bai fi ƙarfin mutanen da suka iya tafiyar da adashi da ƙungiyar gama-kai a ofis ba. Mutum 10 ko 15 su haɗa kuɗi su kama tafkin otal na awa biyu a safiyar Asabar, su ɗaure igiya su raba layin masu sauri da na masu koyo, su ɗauki koci ko sau biyu a wata, ɗaya ya riƙe agogo yana rubuta lokaci. Da irin wannan yarjejeniya ne ma mata za su samu awar da babu maza, abin da ke hana da yawansu kusantar tafki ko suna so.

Amfanin kulob irin wannan ya wuce lambar yabo. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum kusan 300,000 ne suka mutu ta hanyar nutsewa a 2021, kuma yara suna cikin waɗanda abin ya fi shafa. Jihar Neja ta san wannan baƙin ciki: kifewar jirage a kogunanta kusan duk damina, ambaliyar Suleja ta Yulin 2017, da ta Mokwa ta Mayun 2025. Babu gwanintar da ke maye gurbin rigar ceto a jirgi, babu kuma wanda ke ja da ambaliya. Amma Hausawa sun ce iya ruwa fid da kai, kuma uban da ya fid da kansa shi ne ke iya tsayawa a ruwa mai kai ƙugu ya koya wa 'yarsa yadda ake kwanciya rigingine a jira taimako.

Suleja ta ba sabon babban birni sunanta na asali bayan dokar 1976, kullum safiya kuma tana tura masa ma'aikata. Wasu daga cikinsu suna da shekara 10 ko 15 kafin ritaya, wato rukuni biyu ko uku na gasar manya. Shafin farko na littafin atisaye layi uku yake buƙata: tsawon tafki, lokacin mita 400, da lokacin mita 200. Bayan mako shida a sake awo a rubuta a ƙarƙashinsu.